Ban rufe fayil ɗin Baba Ladan ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa. Don Allah a ɓoye sunana da lambar wayata, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ni ba mai ilimi ba ne, ban gama firamare ba, da yatsa ɗaya nake buga wannan a cikin mota, in kun ga kuskure ku wuce. Ban zo a lallashe ni ba. Wanda zai zage ni ya dai yi haƙuri ya kai ƙarshe, don abin zagin da ke ƙasa ya fi na sama. Roƙona kawai, kada ku yanke mini hukunci ku tafi ba ku bar mini shawara ba.

Na haura hamsin, haifaffen ƙasar Damagaram ne ni, na daɗe a Madina har gemuna ya yi fari a nan. Direba nake a wani kantin kayan asibiti ta wajen Anbariyya, ni ke kai wa mutane kaya gida, mandub ake ce mana. Keken guragu, gadon majinyaci, robar fitsari, ba abin da ban ɗauka ba. Amma dole in bayyana muku abu ɗaya, in ba haka ba ba za ku gane ni ba. Akwai mutanen da ciwo ke cin hanjinsu, likita ya yanke, ya fito da bakin hanjin ta gefen ciki, bayan gida ya riƙa zuba cikin wata 'yar jaka. Jakar ba ita ce matsala ba. Matsalar tana ga abin da ake manna wa fata kafin a maƙala jakar, wani faifai mai danƙo da rami a tsakiya. Larabawa ƙa'ida suke ce masa, ni faifai nake cewa. Shi ke tsare fata. In ya zauna daidai, mutum zai yi sallarsa, ya shiga kasuwa, ba wanda ya sani. In bai zauna ba, abin da ke fitowa zai bi ta ƙarƙashi ya ci fatar kamar an zuba mata ruwan batir.

To kowane faifai da lambarsa. Shimfiɗaɗɗe lambarsa daban. Mai tudu, wanda ake sa wa mutumin da bakin hanjinsa ya nutse ciki, shi ma lambarsa daban. Kamfanin inshora ba ya kallon mutum, lamba yake kallo. Likita ya rubuta, a ofishinmu a shigar da lambar ciwo da lambar kaya, in sun dace da juna kamfani ya ba da muwafaƙa, wato ya yarda, sai a riƙa fitar da kwali duk wata har lokacin yardar ya ƙare. In na kai kaya, saƙo kan shiga wayar mai kayan da wasu lambobi, ya karanto mini, in buga a tawa wayar. Shi ne shaidar ya karɓa, da shi kuma kantinmu ke neman kamfani ya biya. Mai shigar da lambobin a ofis wata mata ce, zan ce mata Ustaza, 'yar Hausawan nan ce da aka haifa a Madina. In ka yi mata Hausa tana ji sarai, amma da Larabci za ta ba ka amsa.

Cikin waɗanda nake kai wa faifai akwai wani dattijo a Aƙiƙ, zan ce masa Baba Ladan, don shi ke kiran salla a wani ƙaramin masallacin unguwarsu. Ɗan ƙasa ne, kakanninsa ne suka zo daga Kano da ƙafa, amma Hausa ba ta bar bakinsa ba. Tun ranar da ya ji daga inda nake ya mai da ni abokin wasa. Shi ne ya roƙe ni kada in riƙa shigo masa da kwali mai hoton jaka a jiki, maƙwabta na gani. Sai na riƙa juye kayan cikin kwalin dabino. In ya hango ni ya ce, "Bawana Badamagare, ka kawo dabinon?" In ce, "Na kawo, Baba, ajwa ce ta asibiti." Ya yi ta dariya yana dafe ciki. Iyalinsa sun san da jakar, mutanen masallaci ba su sani ba. Ya ce mini ya tambayi malamai, sun ce shi mai uzuri ne, sallarsa ta yi. "Amma malamai daban, 'yan unguwa daban. Ranar da suka sani, duk wanda ya tsaya kusa da ni a sahu hancinsa ne zai yi sallar." Saboda haka muka yi tsari, in ajiye kwali ta ƙofar gefe in tafi ba tsayawa, shi kuma in saƙo ya shigo ya kira ni ya karanto lambobin. Tsarin rufin asiri ne. Ban san zai zama ƙofar da zan bi in cuce shi ba.

Ina da mata, zan ce mata Rabi. Ba mu haihu ba, ita kaɗai gare ni a ƙasar nan. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta mutu tun shekarun baya, na kasa sabuntawa, tana zaune gida tana soya fanke tana sayar wa mutanenmu. Wata rana cikinta ya kumbura, ba ta iya fita bayan gida, tana ta amai. Aikin gaggawa aka yi mata, 'yan'uwa na garinmu suka yi karo-karo. Da ta farfaɗo ta ɗaga mayafi ta ga abin da ke gefen cikinta, abu na farko da ta ce shi ne, "Malam, ka rantse mini ba wanda zai ji." Na rantse. Muka fito da 'yan faifan da asibiti ya ba mu, suka ƙare. Ni da nake ɗaukar kwalayen nan kullum a kafaɗa, sai a lokacin na tsaya na kalli farashinsu. Wanda ba shi da iƙama ba shi da inshora, ba shi da lamba, a wurin na'ura babu shi ma a duniya. Muka riƙa ja, faifan da ya kamata a canza mu bar shi har ya saki da kansa. Muka koma filasta da famfas na yara da ledar da nake yankawa da reza. Fatar ta yi ja, ta saɓule, ta fara tsattsafo da ruwa. Ni ke wanke mata, tana cizon gefen zane don kada maƙwabta su ji. Ta daina soya fanke. Ɗakin kullum hayaƙin turaren wuta har idona ya yi ja, amma warin yana nan a ƙarƙashi. Ta ce mini, "Malam, ni kam sallata tana hawa kuwa?" Wani lokaci ta ce in miƙa ta tarhil, inda ake tara baƙi marasa takarda, a mayar da ita gida ta mutu cikin danginta. A ƙauyensu ko allurar zazzaɓi sai an hau mota. Ina za a sami faifai a can?

Ana cikin haka na kai wa Baba dabinonsa, sai na tarar yana jirana a ƙofar gefe, fuskarsa kamar an yi masa bushara. Ya ja ni ciki ya ɗaga riga. Babu jaka, sai tabon ɗinki. "An mayar da hanji mazauninsa, Badamagare. Na 'yantu." A asibitin gwamnati aka yi masa, kantinmu bai sani ba. Ya ce, "Ka je ka gaya wa 'yar ofishinku ta rufe fayil ɗin. Waɗannan da suka rage ma kwashe, ka ba mabuƙaci, sadaka ce." Na ce, "Abshir, Baba, an gama." Me ya hana in ce masa mabuƙacin yana gidana? Wallahi da na faɗa, mutumin nan zai iya bin gida-gida ya nemo mana. Amma na yi wa Rabi rantsuwa, kuma ga girman kai na banza, namiji ya ce ya kasa riƙe matarsa. Na ɗauki kwalin na fita. Na isa ofis, na ga Ustaza a gaban na'urarta, na gaishe ta, na wuce sito. Na ce gobe zan faɗa.

Wata ya zagayo, na shiga sito na ga sabon kwali da sunan Baba. Na ɗora shi a mota tare da sauran. Na tsaya a inuwar wani gini na daɗe ina kallon kwalin ta madubi. Sannan na kira shi na ce, "Baba, na'ura ba ta rufe ba tukuna, in saƙo ya shigo ka karanto mini in soke." Ya yi dariya ya ce, "Wannan na'urar taku jinin Kanawa ce, ba ta sakin ciniki." Ya karanto a hankali, na san yana nisantar da wayar daga idonsa kamar yadda tsofaffi ke yi, ina jin numfashinsa. Ya ƙare da, "Allah ya yi maka albarka, kana wahala da ni." Haka muka yi wannan watan, haka na gaba, haka na gabansa. Kullum shi ke kirana ma, bayan la'asar, "Ga 'yan lambobinka sun sake zuwa." Kullum ya sa mini albarka. Kun taɓa jin albarka ta yi wa mutum nauyi a ƙirji kamar dutse?

Da a nan na tsaya, da wataƙila ban rubuto ba. Na Baba shimfiɗaɗɗe ne, ita kuwa Rabi bakin hanjinta ya nutse ciki, faifan ba ya kama mata, yana yoyo ta gefe. Na san mai tudu take buƙata, don na ga irinta a gidajen da nake zuwa. Sai na je wurin Ustaza na ce Baba yana kuka da yoyo, a canza masa lamba zuwa mai tudu. Ta ce, "Ya ammi, lazim taƙrir," wato kawu, sai da takardar likita. Na ce, "Ke ma kin san Baba, ba zai je ya buɗe cikinsa gaban nas don takarda ba. Tsoho yana ruɓewa a tsaye, ke kina maganar takarda?" Ta riƙa juya biro. Baba ne ya wanke gawar mahaifinta, duk unguwa an sani, ni ma na sani, shi ya sa na faɗi abin da na faɗa. Ta goge lamba ta sa wata, ta rubuta cewa takarda na nan tafe, ta ce saboda Baba kawai ta yi. Na yi mata godiya ina kallon ƙasa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Fatar Rabi ta warke, ta dawo sumul. Ta koma suya. Ranar da ta sa abaya ta ce in kai ta Harami, ta yi salla cikin mata ba ta tsoron kowa ya matsa, ta fito tana kuka tana dariya, ni a ranar ban ji na yi laifi ba ko kaɗan. Ta tambaye ni daga ina faifan ke zuwa, na ce waɗanda suka kusa lalacewa ne mai kanti ke ba ni. Har yau tana sa mai kanti cikin addu'a. Na riƙa gaya wa kaina, wa na cuta? Kamfani ne, ba shi da fata, ba shi da ciki. Baba ba ya buƙata, Rabi na buƙata, ni dai na karkatar da kwali daga wata ƙofa zuwa wata. Kuma lokacin yardar ya kusa ƙarewa, zai mutu da kansa ba wanda ya sani.

Bai kai ga ƙarewa ba. Ciwon Baba ya dawo, aka sake buɗe masa ta ɗaya gefen. Ɗansa, zan ce masa Abdulmajid, wanda ta wurin aikinsa Baba ke da inshorar, ya kawo sabuwar takarda kantinmu. Ustaza ta shigar, na'ura ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Aka kira kamfani, suka ce sun dakatar da fayil ɗin, don rahoton sabon aikin ya nuna an rufe wa mutumin ciki tun tuni, amma duk watannin nan ana fitar masa da faifai, har an canza masa zuwa mai tudu ba takardar likita. Mutumin da ba shi da rami, ina yake manna faifai? Ina cikin sito a bayan kwalaye ina jin Abdulmajid yana ɗaga murya da Larabci, yana cewa ubansa ladan ne, ba ɗan kasuwar bayan fage ba. Manaja ya kira ni a gaban Abdulmajid ya ce, "Kai ke kai wa wannan gidan. Ka kai ko ba ka kai ba?" Na ce, "Na kai. Ga shaida nan, shi ke karanto lambobi." Da bakina na faɗa. Na ɗora wa dattijon da ke kwance da sabon ɗinki.

Daga ranar komai ya canza ba tare da an ce mini komai ba. An cire ni daga kai kayan inshora, gadaje da kekuna kawai nake ɗauka. Manaja ya daina amsa gaisuwata da baki, kai yake ɗagawa. In na shiga ofis magana ta tsaya. Ustaza ta same ni wurin ajiye motoci, ta tsaya nesa kaɗan kamar yadda ta saba, ta fara da Larabci cewa ni na ce mata, ni na ce Baba na yoyo. Sai ta ce da Hausa, karo na farko da na taɓa jin Hausa a bakinta, a karye kamar ta ƙaramin yaro, "Ina da 'ya'ya, ammi." Ta juya ta tafi. Ba ta ambaci sunana wurin manaja ba tukuna. Ban san har yaushe ba.

Kamfani ya sa ranar da za a zauna da Baba, a cikin makon nan mai shiga. Tambaya ɗaya ce za a yi masa, ya karɓi kwalayen ko bai karɓa ba. In ya ce ya karɓa, ya zama mutumin da ya ci kayan da ba ya buƙata, za a ce sayarwa yake, abin ya shafi aikin ɗansa, kuma magana irin wannan ba ta zama a ofis, sai ta isa masallaci, a ji jakar a ji satar rana ɗaya. In ya ce bai karɓa ba, manaja ya riga ya faɗa a fili cewa 'yan sanda zai miƙa wa maganar. In sun zo gidana neman kwalaye, Rabi za su tarar, ba takarda, da jaka a gefen ciki. Na san inda ake kai irinta, na san kuma jirgin da ake sa su. Abdulmajid ya tare ni a bakin kanti da maganar ubansa, ya ce, "Abuya ya ƙi magana. In na tambaye shi sai ya juya fuska bango. Kai ka san wani abu?" Na ce ban sani ba. Ya daɗe yana kallona kafin ya shiga motarsa.

Shekaranjiya bayan azahar Baba ya kira ni. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. Ya ce Abdulmajid na wurin aiki, faifan da suka sayo a kantin magani ya saki, ba ya iya canzawa da kansa, ba zai kuma bari surukarsa ta gan shi haka ba, in zo. Na je. Ya rame, ƙasusuwan wuyansa sun fito, zanen gado ya ɓaci, yana ta ba ni haƙuri, shi ke ba ni haƙuri. Na ce ya kwanta kawai. Na ɗebo ruwan ɗumi, na ɓare tsohon a hankali ina danne fatar da yatsa don kada ta biyo shi, na wanke, na bar wurin ya bushe sarai ina fifita da kwali, na gwada girman bakin, na yanka ramin daidai ba ƙari, na ɗumama faifan tsakanin tafin hannuna don danƙon ya yi laushi, na manna daga ƙasa zuwa sama, na dafe. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Ina dafe da cikinsa na ɗago, na ga ba silin yake kallo ba, hannuna yake kallo.

Ya ce, "Nas ɗin asibiti ma ba ta ɗumama shi a hannu ba."

Na ce, "A gidajen mutane nake gani, Baba."

Ya ce, "Gani ba ya koya wa hannu haka." Sannan ya ce, "Namiji ne ko mace?"

Na kasa ɗaga kai. Ya ce, "Ta samu sauƙi dai?" Na ce ta samu. Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Ya ce alhamdulillahi, kuma wallahi har zuciyarsa ya faɗa, na ji a muryar. Na durƙusa a gefen gadon na gaya masa komai, har da maganar iƙama. Bai katse ni ba, bai zage ni ba. Da ya tsine mini da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Da ka tambaye ni." Shi ke nan abin da ya ce a kan wannan. Can ya ce in ɗaga masa matashin kai, na ɗaga. Ya ce, "Ka saurara. Na kusa zuwa inda za ni, kai ma ka gani. Ban taɓa tsayawa gaban hukuma na ba da shaidar ƙarya ba. Ban kuma taɓa miƙa mace mara lafiya a jefa ta motar 'yan sanda ba. Yanzu ɗaya daga ciki zan yi kafin in mutu. Tunda kai ka kawo ni nan, kai za ka zaɓa mini. Abin da ka ce, shi zan faɗa." Na ce, "Baba, don Allah." Ya ce, "Ba Baba. Ka tafi, lokacin la'asar ya yi, ni yanzu a kwance nake jin wani yana kira."

Tun da na fito nake juyawa. In je in faɗa da kaina kafin ranar, in wanke shi in wanke Ustaza? To ni a kama ni, wannan ban damu ba, na gaji da ma. Amma Rabi fa? In kai ta gidan wani kafin nan, gidan wa, da wane bayani, bayan ta sa na rantse? Wa zai wanke mata, wa zai sayo mata in ina kulle? Faifan da ya rage mata kaɗan ne, wani kwali kuma ba zai sake zuwa ba. Har yanzu ba ta san komai ba, jiya ma ta tambaye ni me ya sa ba na cin abinci, ko fanken ne ya ishe ni. In gaya mata fatarta da sunan wani dattijo ta warke? Na san ta, za ta sa abaya ta je ta miƙa kanta, ba zan iya tare ta ba. Ko in ce wa Baba ya ce ya karɓa? Zai faɗa, na san zai faɗa, ya tafi kabari da ƙaryata a bakinsa, 'yan unguwa su riƙa cewa ashe ladan ma. Wane irin mutum ne zai karɓi wannan daga hannun tsoho?

Ga abin da ya sa na rubuto, wanda ban iya gaya wa kowa da baki ba. Ɗazu da hantsi ina sauke gado a wani gida wayata ta yi ƙara, na duba na ga sunan Abdulmajid. Kafin in ɗauka zuciyata ta ce, ko ya cika. Jama'a, ba tsoro na ji ba. Sauƙi na ji. Wani sanyi ya sauko mini tun daga wuya, don in ya rasu ba mai amsa tambayar, fayil ya mutu tare da shi. Na tsaya riƙe da ƙarfen gado ina fatan mutuwar mutumin da ya yi hamdala don matata ta warke. Ban san ina da wannan a cikina ba. Yanzu na sani, kuma ina tsoron abin da ke bayansa wanda ban gani ba tukuna.

Na ɗauka. Yana raye. Abdulmajid ya ce, "Abuya ya ce ba zai shiga motata ranar zaman ba. Ya ce kai za ka zo ka ɗauke shi, ku biyu kawai, wai akwai amsar da za ka ba shi a hanya. Wace amsa ce?" Na ce zan zo. Ya sake tambaya, na kashe wayar.

Daga Aƙiƙ zuwa ofishin da za a yi zaman ba nisa, kafin ka gyara zama an isa. Ku da kuka fi ni ilimi, ku da kuka fi ni tsoron Allah, in ya shigo ya zauna a gefena ya juyo ya kalle ni, me zan ce masa? Me zan yi?